Dandin Mahe: Tarihin Gari, Yanayin Ƙasarsa, da Yadda Suka Shafi Gonarka

Duk wanda ya taɓa cike fom ɗin taki ko na rancen noma ya san tambayoyin farko: sunan garinku, mazaɓarku, ƙaramar hukumarku. Ga mutumin Dandin Mahe amsar ba ta da wuya a takarda. Garin yana cikin ƙaramar hukumar Shagari ta jihar Sakkwato, kudu da birnin Shehu, a ɓangaren da ƙasar Shagari ke maƙwabtaka da ta Boɗinga. Sai dai gona ba ta san iyakar ƙaramar hukuma ba. Mutum na iya kwana a Shagari, gonar gadonsa tana Boɗinga, matarsa 'yar Yabo ce, albasarsa kuma a Sakkwato za a sauke ta. Wannan zama na bakin iyaka yana da amfaninsa, yana kuma da asarar da yake jawowa idan ba a san kansa ba. Shi ya sa muka ga ya dace mu duba garin da ƙasar da ke kewaye da shi, mu ga abin da manomi da ƙungiyarsa za su ƙaru da shi.

Gari ne babba, amma ba shi da majalisar kansa

A tsarin mulkin Najeriya, hukuma ta ƙarshe da ke da kasafin kuɗi da ma'aikata ita ce ƙaramar hukuma. An daidaita wannan tsari a duk ƙasa a shekarar 1976, kuma yau akwai ƙananan hukumomi 774, ashirin da uku daga ciki a jihar Sakkwato. Ƙasar Shagari ta daɗe a ƙarƙashin Yabo kafin a ba ta tata ƙaramar hukumar a 1996. Tana da mazaɓu goma, Dandin Mahe ɗaya ce daga cikinsu, tare da irin su Kajiji, Jaredi, Lambara, Sanyinnawal da Horo Birni. Ƙidayar 2006 ta ba Shagari mutum sama da dubu 150, ta ba Boɗinga sama da dubu 170, alhali ƙasar Boɗinga ba ta kai rabin ta Shagari faɗi ba. Ku riƙe wannan bambanci, za mu dawo kansa.

To, me ake nufi da a ce gari mazaɓa ne kawai? Ana nufin kansila ɗaya gare shi a majalisar da ke zama a wani gari. Ba shi da baitulmali, ba shi da ofishin filaye, ba shi da ma'aikacin da aikinsa shi ne rubuta yawan ruwan da ya sauka ko yawan buhunan da aka girbe. Abin da ke riƙe da gari a kullum shi ne sarauta: mai unguwa, hakimi, uban ƙasa, har zuwa fadar Sarkin Musulmi. A nan ma sai an yi hattara da kalmomi, domin a ƙasar Sakkwato wanda Kanawa ke ce wa dagaci shi ake kira hakimi, wanda suke ce wa hakimi kuma shi ne uban ƙasa. Baƙon ma'aikacin wani shiri da bai san haka ba yakan je ƙofar da ba ita ba.

Iyakar nan ta raba har wakilci. Shagari da Yabo ɗan majalisar wakilai ɗaya gare su a Abuja, Boɗinga kuma tana tare da Dange-Shuni da Tureta. Sanata ne kaɗai ya haɗa su, na Sakkwato ta Kudu. Saboda haka idan kayan tallafi suka zo ta hannun ɗan majalisa, maƙwabcinka na gona zai iya samu kai ba ka samu ba, ba don an ƙi ka ba, don dai sunanka yana wani littafi.

Yadda yankin ya cika da mutane

Sunan garin kansa na ɗauke da sunan mutum, domin Mahe suna ne da aka saba ji a ƙasar Sakkwato. Haka garuruwa da yawa na wannan yanki suke: Gidan wane, Tungar wane, Ruggar wane. Wani ya sari daji ya zauna, dangi da baƙi suka biyo shi, sunansa ya bi wurin.

Abin da ya mayar da wannan yanki cibiya shi ne jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Bayan hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a 1804, jama'ar Shehu sun gangaro kudu zuwa ƙasar Yabo, inda Muhammadu Moyijo ya karɓe su, kuma zuriyarsa ce ke riƙe da sarautar Sarkin Kabin Yabo. Da Alƙalawa ta faɗi a 1808, Muhammadu Bello ya gina Sakkwato a 1809, Shehu kuma ya zauna Sifawa, wadda ke cikin ƙasar Boɗinga a yau, har zuwa 1815 da ya koma Sakkwato, inda ya rasu a 1817. Ƙanensa Abdullahi ya zauna Boɗinga kafin ya tare a Gwandu. Kun ga ke nan, na wasu shekaru, malamai da almajirai da mayaƙa da fatake duk nan suke dosowa. Kowa kuma sai ya ci tuwo.

Bello ya ƙarfafa wa Fulani makiyaya su zauna wuri ɗaya su haɗa kiwo da noma, manyan gari kuma suka kafa rinji-rinji inda bayi ke musu noma. Hanyar da ta haɗa Sakkwato da Gwandu, manyan biranen daular guda biyu, ta ratsa ta wannan yanki. Ta Boɗinga Bature matafiyi Heinrich Barth ya bi a 1853 da zai je Gwandu. Sakamakon duk wannan shi ne ƙasar da ke kusa da birni ta cika maƙil tun da wuri, saura ta yi ƙaranci, aka koma noma gona ɗaya kowace shekara. Abin da ya hana ta mutuwa shi ne takin gida da kashin dabbobin da ake kwanar da su a gona da rani. Ga bayanin bambancin ƙidayar da muka ambata: Boɗinga ta fi kusa da birni, ta fi cunkoso, gonakinta sun fi ƙanƙanta, idan aka nausa kudu cikin Shagari sai fili ya riƙa buɗewa.

Turawa sun ci Sakkwato ranar 15 ga Maris 1903. Shekara uku bayan haka, a 1906, talakawan Satiru da ke kusa da Ɗanchadi suka yi tawaye, da yawansu da fartanya da gatari a hannu. Sun yi nasara a karon farko, aka dawo aka rushe garin, ba a sake zama a cikinsa ba. Daga nan harajin kuɗi ya kafu. Ga shi kuma jirgin ƙasa da ya azurta manoman gyaɗar Kano bai taɓa isowa Sakkwato ba. A Ƙaura Namoda ya tsaya a 1929. Mai gero da dawa a ina zai samo kuɗin haraji? Sai ya sayar da ƙarfinsa. Cin rani ya zama sana'ar yanki guda. Wani ƙirge da aka yi a ranin 1952 zuwa 1953 ya sami mutum sama da dubu 250 suna fita daga lardin Sakkwato, wasu ƙasar Yarbawa, wasu har Gwalkwas, wato Gana ta yau.

A ganina wannan shi ne gadon da ya fi nauyi a kan gonakinmu har yanzu. Watannin da ya kamata a kai taki, a gyara fako, a kafa shinge, su ne watannin da majiya ƙarfi ba sa gida. Ba laifin kowa ba ne, neman halali ne. Amma ƙungiyar da ke tsara aikin gyaran ƙasa sai ta san kalandar tafiyar 'ya'yanta, ta sa aikin ko dai da an gama girbi kafin a watse, ko kuma da an dawo dab da faɗuwar damina.

Garin Shagari ya fito da shugaban ƙasa, Alhaji Shehu Shagari, wanda aka haifa a 1925, ya yi mulki daga 1979 zuwa 1983, ya rasu a 2018. Gwamnatinsa ce ta ƙaddamar da shirin bunƙasa noma na 1980. Daga baya Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima ta samar da madatsar ruwa a kan Gawon Gulbi kusa da garin Shagari.

Ruwa kaɗan, a ɗan lokaci

Yankin nan yana samun ruwan sama tsakanin milimita 600 zuwa 750 a shekarar da ta yi daidai, kusan dukansa daga Yuni zuwa Satumba, mafi yawa a Agusta. Bazara kuwa zafi kan wuce digiri 40. Jimillar ruwan ba ita ce babbar damuwa ba, yadda yake rarrabuwa ne. Ruwan farko ya sauka a ƙarshen Mayu, kowa ya fita shuka, sai a yi kwana goma sha biyar babu ɗigo, iri ya ƙone. Dattawa sun ba da labarin Kakalaba ta 1914, iyayenmu sun ga farin 1973 da na 1984. Wanda ya ce ba za a sake ba bai san ƙasar nan ba.

Saboda haka ne kakanni suka riƙe gero, wanda Sakkwatawa ke ce wa hatsi kai tsaye, kamar babu wani hatsin sai shi. Suna haɗa shi da dawa da wake a gona ɗaya. An daɗe ana yi wa wannan gauraye kallon rashin wayewa, har sai da masu bincike na Samaru, Zariya, suka zauna a wasu ƙauyukan kewayen Sakkwato a ƙarshen shekarun 1960, ciki har da Takatuku ta ƙasar Boɗinga. Binciken nasu a ƙasar Hausa ya nuna cewa mai gauraya shuka ya fi tsira a mugunyar shekara, kuma ba ya baya wajen riba. Gero ya nuna da wuri ya kashe yunwar Agusta, dawa ta ci ruwan ƙarshe, wake ya ƙara wa ƙasa ƙarfi ya bar harawa. Wanda zai gwada sabon iri mai saurin nuna, irin gero SOSAT ko waken SAMPEA, ya shigar da shi cikin wannan tsari. Kada ya rushe tsarin don iri ɗaya.

Ƙasa iri uku a gari ɗaya

Ƙasar Sakkwato shimfiɗa ce ta yashi da laka da farar ƙasa, hawa-hawa, domin a zamanin da can teku ya taɓa rufe wurin. Farar ƙasar ita ake haƙa a Kalambaina ana siminti, ita ce kuma ke sa ruwan wasu rijiyoyi ya ƙi kumfar sabulu. A saman tuddai akwai marmara da tsakuwa. Manomin wannan yanki yakan yi hulɗa da ƙasa iri uku, kuma kuskuren da aka fi yi shi ne a ba su magani ɗaya.

Ta farko jigawa, mai yashi, mai sauƙin huɗa. Ba ta riƙe ruwa, ba ta riƙe taki. Wanda ya watsa buhun yuriya gaba ɗaya a jigawa kafin ruwa mai ƙarfi, rabin kuɗinsa ya bi ruwa zuwa ƙasa. Abin da ta fi rashi shi ne sinadarin fosfaras da ruɓaɓɓen taki. Dabarar da masu binciken ICRISAT suka gwada a Nijar, a ƙasa irin wannan, ta dace da ita: cikin murfin kwalbar lemo na takin NPK, kamar giram 6, a kowane rami lokacin shuka, a ɗan raba shi da irin kada ya ƙone shi. Idan ramuka dubu 10 ne a hekta, kilo 60 ke nan, buhu ɗaya da ɗan ƙari. Sannan a raba yuriya kashi biyu a sa bayan noman farko da na biyu. Inda ƙuduji ya yi yawa, alama ce ƙasar ta gaji. A cire shi kafin ya yi fure, a ƙara takin gida, a juya da wake ko gyaɗa.

Kuma don Allah a bar gawo. Itace ne da ke zubar da ganye da damina, ba ya tare wa shuka rana, ya yi ganye da rani ya ba dabbobi inuwa da 'ya'ya, su kuma su bar kashi a gindinsa. Duk manomi ya san hatsin gindin gawo ya fi na sauran gona. Manoman Maraɗi sun mayar da itatuwa gonakinsu tun daga shekarun 1980 ba tare da dasa ko ɗaya ba: kututturen da ya tofo sai a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a sassabe sauran. Ba ya cin ko sisi.

Ta biyu fako, wadda ta daskare ruwa ke gudu a kanta. Da yawa sun sallama ta. Amma a ƙasar Tawa ta Nijar, inda ruwan bai kai namu ba, an farfaɗo da irinta da tassa: rami mai faɗin taƙi ɗaya ko fiye kaɗan, zurfin kamar santimita 15 zuwa 20, a tara ƙasar da aka haƙo ta gefen gangare don ta tare ruwa, a zuba taki cikin tafi ɗaya ko biyu tun da rani. Gara ta shiga ta huda ƙasar, ruwan farko ya taru a ramin. Aiki ne mai cin ƙarfi, gaskiya, kuma aikin gayya ne. Ga gari da gonakinsa ke ƙanƙancewa da kowane rabon gado, fakon da aka raya gona ce sabuwa da ba a saya ba.

Ta uku fadama, mai laka, inda ruwan ƙasa ke kusa. Ita ce ta fi ƙaranci, ita ce ta fi tsada, ita ce kuma aka fi yin shari'a a kanta. Da can da jigo ake ban ruwa. Tun da shirin Fadama na ƙasa ya zo a farkon shekarun 1990, rijiyar bututu da injin ban ruwa suka maye gurbinsa, albasa da tafarnuwa da tumatir da tattasai suka yawaita. Abu biyu za a kiyaye. Na farko, ruwan fadama na kowa ne a ƙarƙashin ƙasa ko da gonakin na mutum-mutum ne. Idan injuna suka yi yawa a wuri ɗaya, a watan Maris kowa zai ji a jikinsa. Ƙungiya ta riƙa auna zurfin ruwa a rijiya biyu ko uku da igiya a farkon kowane wata, ta rubuta. Na biyu, kowa na cire albasa lokaci ɗaya, farashi ya faɗi. Mai rudu mai kyau, wanda iska ke ratsawa, wanda ya bar albasarsa ta bushe sosai kafin ya adana, shi ke sayarwa da daraja bayan watanni.

Ruwa kuma yana da haɗarinsa. A watan Afrilun 2022 kwalekwale ya kife a gulbin Shagari da mutanen Gidan Magana, aka rasa rayuka 29, yawancinsu yara da matasa da suka fita neman itacen girki. Allah ya jiƙansu. Abin da ya kai su ƙetare ruwa shi ne itace ya ƙare a kusa da gida, kuma wannan ma magana ce ta gona.

Abin da ƙungiya za ta riƙe da kanta

Tun da gari ba shi da ofishin da zai ajiye masa tarihinsa da lissafinsa, ƙungiyar manoma ce ta fi cancanta ta ɗauki wannan aiki. Mutum goma sun isa a yi wa ƙungiyar gama-kai rajista a sashen ƙungiyoyi na jiha. A littafin 'yan ƙungiya kada a tsaya ga suna da lambar waya. A rubuta inda kowace gona take, a wace ƙaramar hukuma, jigawa ce ko fadama, kuma ta wace hanya aka same ta: gado, saye, aro, haya ko jingina. Aro da jingina su suka fi haifar da rigima, domin waɗanda suka yi maganar sukan rasu su bar 'ya'ya da labari biyu.

Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasar karkara a hannun ƙaramar hukuma, ita ke ba da takardar mallaka ta gargajiya. Wannan na nufin ƙaramar hukumar da gonar take ciki, ba wadda mai gonar yake kwana ba. Mutumin Dandin Mahe da gonarsa ta faɗa ƙasar Boɗinga, Boɗinga zai nufa, da shaidar hakimin wurin da ta maƙwabtan gona. Kada a jira sai ranar da aka zo awon hanya ko wani babban aiki, lokacin da diyya ke bin mai takarda.

Haka burtali da mashaya. Dattawan da suka san inda shanu ke bi tun kafin a nome wurin suna ƙarewa. A zauna da su da arɗo da mai unguwa, a bi hanyar da ƙafa, a zana ta ko da a takardar makaranta ce, kowane ɓangare ya riƙe kwafi. Burtali ba ya tsayawa a iyakar ƙaramar hukuma, don haka a gayyato na ƙetaren iyaka su ma. A wannan zamani da tsaro ya taɓarɓare a sassan jihar, ƙaramar rigimar ɓarnar gona ba abin rainawa ba ce.

Na ƙarshe shi ne ruwan sama. Hasashen da hukumar NiMet ke fitarwa a farkon kowace shekara na ƙaramar hukuma ne gaba ɗaya, ruwa kuwa yakan sauka a wannan unguwa ya tsallake waccan. A sami gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, wanda bakinsa da gindinsa faɗinsu ɗaya, a kafa shi a fili nesa da itace da rufin ɗaki, a ɗaga shi yadda awaki ba za su kai ba. Kowace safiya bayan ruwa wani ɗan makaranta ya tsoma rula ya rubuta kwanan wata da milimita nawa, ya zubar. Idan ruwa bai kai milimita 20 ba, ko ƙasa ba ta jiƙa zurfin tafin hannu ba, a dakata da shuka. Bayan damina uku ko huɗu ƙungiya za ta fara ganin makon da ruwa ya saba kafuwa a garinta, ta san ranar da za ta ce wa 'yan cin rani su kamo hanya.